Jinin Al'ada da Zaɓen Hanyar Tazarar Haihuwa

A Babbar Kasuwar Katsina, inda mata daga Rimi, Kaita, Batagarawa da sauran garuruwan kewaye ke haɗuwa da 'yan'uwansu na cikin birni wajen saye da sayarwa, idan hira ta kai ga tazarar haihuwa, abin da aka fi tambaya shi ne yadda hanyar za ta taɓa jinin al'ada. Tambaya ce mai tushe, domin ga mace Musulma, jini yana shafar sallarta, azuminta da zamanta da maigidanta. Tun daga shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, amma sau da yawa mace kan fara hanya ta bar ta bayan 'yan watanni saboda ta ga canjin da ba a gaya mata zai zo ba.

Yadda kowace hanya ke taɓa al'ada

Allurar wata uku, irin su Depo-Provera da Sayana Press, takan kawo ɗigon jini ba kan ƙa'ida ba a watannin farko, daga baya kuma mata da yawa al'adarsu kan ɗauke gaba ɗaya. Bayan an daina, samun ciki kan ɗan jinkirta na wasu watanni.

Ashanar fata, wadda ake sanyawa a dantse, iri biyu ce aka fi sani: Implanon mai shekara 3 da Jadelle mai shekara 5. Ita ce ta fi wuyar hasashe. Wata jininta ya ragu, wata ya ɗauke, wata kuma ta yi ta ganin ɗigo. Ana iya cire ta duk lokacin da mace ta buƙata.

Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10 tana aiki. Ba ta tsayar da al'ada, amma takan ƙara yawan jini da ciwon mara, musamman a farkon sanyawa. Don haka mai ƙarancin jini ta sanar da ma'aikaciyar lafiya kafin a sanya mata.

Ƙwayar sha mai haɗi biyu takan daidaita al'ada, ta rage jini da ciwon mara, muddin ana shan ta kullum. Ba ta dace da mai hawan jini ba. Akwai wata ƙwaya daban ta masu shayarwa. Kwaroron roba kuwa ba ya taɓa al'ada ko kaɗan.

Shin jinin taruwa yake yi a ciki?

Wannan ne tsoron da ya fi yaɗuwa, kuma ba haka abin yake ba. Jinin al'ada shimfiɗa ce da mahaifa ke yi duk wata domin tarbar ciki. Idan ba a samu ciki ba sai ta zube. Sinadarin allura da ashana yana hana shimfiɗar yin kauri, saboda haka babu abin da zai zuba, kamar dai yadda mai shayarwa kan yi watanni ba ta ga jini ba. Wannan ba ya haddasa rashin haihuwa.

Batun ibada

A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, haila ba ta wuce kwana 15, kuma jinin da ya zarce iyakarsa jinin ciwo ne, ba ya hana salla ko azumi. Lissafin ya danganta da kwanakin da kowace mace ta saba, don haka wadda ɗigo ya rikita ta nemi bayani wurin malami ko malamar Islamiyya.

Kira ga jama'a da shugabanni

Ana shawartar mata da kada su sayi ƙwaya ko allura a kemis bisa labarin maƙwabciya, domin abin da ya karɓi wata ba lallai ya karɓi wata ba. A je asibitin matakin farko mafi kusa, ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, a faɗa wa ma'aikaciya irin al'adar da za a iya jurewa kafin a zaɓa. Idan jini ya wuce kwana 8, ko ya ninka yadda aka saba, ko aka ji jiri, a koma asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai magani, kuma ana iya canza hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da kansiloli a ƙananan hukumomi 34 na jihar nan da su isar da wannan bayani, musamman ga magidanta, domin mijin da ya fahimci dalilin canjin jini shi ne zai raka matarsa asibiti maimakon ya umarce ta ta daina. Allah ya ƙara wa iyalanmu lafiya.