Baiko ba ya samar da takardar izinin zama

Wata Lahadi a kasuwar Mai'adua, a rumfar wani mai sayar da hatsi, wani saurayi ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, duba mini wannan." Saƙon WhatsApp ne, wai an fito da "bizar masoya", duk mai budurwa a ƙasar waje zai iya samo mata izinin zama a Najeriya tun kafin aure, in ya tura kuɗi ga wata lamba. Yarinyar da yake nema 'yar Matamaye ce, a Nijar. An riga an kai goro da kayan sa rana ta iyakar Kongolam, yana so ta zo ta zauna wurin gwaggonsa a Daura ta koyi ɗinki kafin biki. Ya tara kuɗin, saura turawa.

Babu wannan biza a Najeriya. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da sabon tsarin biza wanda ya faɗaɗa rukunoni daga 6 zuwa 79. A cikinsu akwai na matar ɗan Najeriya ko mijin 'yar Najeriya, kuma abin da ake fara tambaya shi ne shaidar aure. Ba a yi wa budurwa ko saurayi gurbi ba, balle masu zaman dadiro. Baiko yana da nauyi a tsakanin gidaje biyu, ni ma ba na raina shi, amma ko a wurin malamai wadda aka yi wa baiko ba matar aure ba ce. A gaban jami'in shige da fice ma haka abin yake. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan wannan takarda, damfararka ya yi.

Jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba. Birtaniya tana da irin wannan hanya: wanda ya shekara biyu yana tare da ɗan ƙasar ko mai izinin zama na dindindin, a dangantaka mai kama da aure, yana iya neman biza, in ya kawo hujjoji, kuma tun Afrilun 2024 ana neman samun kuɗin da ya kai fam 29,000 a shekara. 'Yan'uwanmu da ke can suna ba da labari, labarin ya iso nan an yanke masa kai da ƙafa. Dokar Landan ce, ba ta aiki a Kongolam.

Sai masu cewa, "Ai 'yar Nijar ba baƙuwa ba ce, me za ta yi da takarda?" Na fahimci masu wannan magana, domin da gaskiyarsu ta fuskar zumunci. Kafin Turawan Ingila da Faransa su ja layi a farkon ƙarnin da ya wuce, mutanen Zango da Baure da Magariya dangin juna ne, har yau kuma da wuya ka sami gida a Mai'adua ko Babban Mutum da ba shi da kawu ko inna a tsallake. Amma doka ta tsaya a wani wuri. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shigowa ba tare da biza ba har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai inganci. In zaman zai wuce haka, sai ya nemi katin zama daga Hukumar Shige da Fice, da sunansa shi kansa da dalilinsa, kasuwanci ne ko karatu ko aiki. Wato yarinyar nan tana iya zuwa ta ga dangin mijin da za ta aura, ta koma. Abin da ba za a ba ta ba shi ne izinin zama don kawai tana da saurayi a Daura.

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, wata maganar ta taso, cewa yanzu 'yan Nijar sai da biza. A sanarwar da ƙungiyar ta fitar a ranar, ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga waɗannan ƙasashe uku, su kuma bar musu damar shiga da zama, har sai an sanar da wani tsari. Rufe iyaka irin na 2019 da na 2023 wani abu ne daban. Mai shirin biki ya leƙa ofishin Hukumar Shige da Fice ya tambayi halin da ake ciki, ya fi ya saurari majalisar mai shayi.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce shawarar da wasu ke bayarwa a ɓoye: a kai yarinya a yi mata katin zaɓe da takardar ƙaramar hukuma, a ce haifaffiyar Sandamu ce, shi ke nan. Wannan laifi ne, kuma ita za a kama, ba mai shawarar ba. Lambar NIN ma, wadda ake bai wa baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, ba ta mayar da kowa ɗan ƙasa.

To bayan an ɗaura auren fa? Ba gaskiya ba ne cewa sai auren rajista irin na Turawa gwamnati ta sani. Auren da aka ɗaura da waliyyi da shaidu da sadaki aure ne a dokar Najeriya. Matsalarmu ita ce ba mu rubutawa. A shafa fatiha a ƙofar gida, a raba goro da dabino, kowa ya watse, sai bayan shekara goma a fara neman shaida, alhali limamin ya rasu. A nemi takardar shaidar aure tun angwanci bai wuce ba. A kuma duba rubutun suna da kyau, domin takardun Nijar da ƙa'idar Faransanci ake rubuta su: katinta ya ce Aïchatou Ousmane, takardar aure ta ce Aishatu Usman, a wurin jami'i kamar mutum biyu ne.

Haka kuma aure ba ya mayar da ita 'yar Najeriya a ranar. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba matar ɗan Najeriya damar neman a yi mata rajista. Nema ake yi, ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Shi kuwa baƙon da ya auri 'yar Najeriya, sashen bai ambace shi ba. Yana iya samun izinin zama, amma zama ɗan ƙasa sai ta sashe na 27, mai neman shekara 15. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da gyaran da zai daidaita su. A ganina ba a kyauta wa 'ya'yanmu mata ba, kuma abin ya fi ciwo a Daura, garin da tarihinsa ya ce baƙo ne ya zo rijiyar Kusugu ya auri Daurama. 'Ya'yan da aka haifa dai ba su da fargaba: sashe na 25 ya ba su ƙasa ta uwa ko ta uba.

Saurayin nan bai tura kuɗin ba. Da na sake ganinsa bayan kaka, ya ce iyaye sun matso da ranar, kuɗin kuma keken ɗinki ya saya mata da su, an kai mata Matamaye.