Yadda za mu raba kayan katako da warin funfuna

Gaya tana cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Ga kuma kogi kusa da mu. Saboda haka a watan Agusta da Satumba ɗakunanmu sukan jiƙe. Idan aka buɗe tsohon akwati ko kabad, sai wari ya bugi hanci.

Wannan wari na funfuna ne. Funfuna abu ne mai rai. Tana son damshi da duhu da wurin da iska ba ta shiga. Katako yana shan ruwa, sai ta kafu a cikinsa. Ƙurarta tana sa atishawa da tari, tana kuma tayar wa mai fuka ciwonsa, musamman yaro. Tana ɓata tufafi. Irin gyaɗa ko na masara da aka ajiye a irin wannan akwati yakan ƙi tsiro. Turaren wuta ba ya kashe ta, rufe warin kawai yake yi.

Ga abin da za mu yi. Mu kwashe kayan ciki, mu fitar da akwatin tsakar gida. Mu ɗaura ƙyalle a hanci da baki, mu kori yara, sannan mu goge funfunar da buroshi. Mu wanke katakon da ruwan sabulu, amma da tsumma matsattse, kada mu kwarara masa ruwa. Wanda yake da jabel ya zuba awo 1 cikin awo 10 na ruwa, ya shafa. Kada a haɗa jabel da binega ko wani magani, hayaƙinsu guba ne.

Sai shanya. Mu bar shi a buɗe kwana 2 ko 3, ya sha iska da hantsi. Zafin tsakar rana yana tsaga katako, gara a ja shi inuwa. Wanda bai ƙosa ba ya jira hunturu, ya fi busarwa.

In wari ya rage, mu sa gawayi cikin ƙwarya, mu rufe a ciki mako 1. In ya ƙi, kafinta ya kankare fuskar katakon.

Da za mu mayar da shi ɗaki, mu ɗora shi a kan bulo, mu bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango.