Rumbun Bayanai na Wucin Gadi: Saurin Gwaji da Tarkon da Ke Ciki

Duk manhajar da ke riƙe sunayen mutane, kuɗinsu ko lissafin kayan shago tana da wani sashe da ba shi da aiki sai kai bayanai rumbu da ɗauko su. Kafin a saki manhaja, masu rubuta ta kan jera ɗaruruwan ƙananan gwaje-gwaje a kan wannan sashe: a saka sunan abokin ciniki, a nemo shi, a goge, a duba ko ya gogu. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne jira. Kowane gwaji sai an tuntuɓi babban rumbu irin PostgreSQL ko MySQL, an rubuta a faifan ajiya, an share, an sake shiri. Wanda ya gaji da zaman jira kuwa, sannu a hankali zai fara tsallake gwajin.

Mafitar da aka samo ita ce a gina rumbun cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta wucin gadi, wato RAM, ba tare da an taɓa faifai ba. Kamar allo ne: a yi rubutu, a biya, a wanke. Da gwaji ya ƙare komai ya ɓace, na gaba ya tarar da wuri fes, ba ragowar wani da za ta rikita masa sakamako. SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, yana yin haka da zarar an rubuta ":memory:" a gurbin sunan fayil. Masu aiki da Java sun fi sabawa da H2. Django ma, idan an ɗora shi a kan SQLite, cikin RAM yake gina rumbun gwajinsa ko ba a ce masa ba.

To, amma kama da wane ba ta wane. A ce ka ware gurbin suna mai cin haruffa 10 kacal. Tura wa PostgreSQL suna mai haruffa 15, nan take zai ƙi karɓa. SQLite kuwa zai haɗiye shi ko gezau. Haka zai karɓi kalma a gurbin da aka tanadar wa lamba, in ba an yi amfani da tsarin STRICT da aka ƙara masa a 2021 ba. Ko dokar da ke hana a rubuta ciniki da sunan wanda babu shi a rajista, a kashe take zuwa, sai mai aiki ya kunna ta da hannunsa. Ka ga gwaji zai nuna lafiya lau, ranar da manhaja ta hau rumbun gaske kuma a ji ta ƙi aiki. Shi ya sa kamfanin Microsoft da kansa yake jan kunnen masu amfani da Entity Framework Core kada su dogara da rumbunsa na cikin RAM wajen gwaji.

A ganina, rumbun RAM na aikin yau da kullum ne, lokacin da kake gyara layi ɗaya kana son amsa kafin shayinka ya huce. Amma duk abin da ya shafi kuɗi, ko mutum biyu suna rubutu wuri guda a lokaci guda, a kai shi gaban rumbun gaske. Yanzu ma abin ya yi sauƙi, domin Testcontainers na iya tayar da PostgreSQL cikin Docker don gwaji kawai, ya rushe shi bayan an gama. Ɗan uwa mai rubuta manhaja, kada ka miƙa wa jama'a aikin da bai taɓa haɗuwa da rumbun da zai zauna a kansa ba.