Kafin A Sauke Giyabos Ɗin Tsohuwar Hilux

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau ko wata kasuwar ƙauye ya san tsofaffin akori-kura: Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da Toyota Hilux wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968. Da yawansu sun girme mu, amma su ke ɗauko amfanin gona su kuma ciyar da gidaje. Ranar da giyabos ya lalace, mai motar ya shiga uku, musamman da kaka. Shi ya sa a wannan makon za mu duba yadda kanikawa ke gane irin giyabos ɗin tsohuwar Hilux da yadda suke canja shi.

Mu fara da aikinsa. Inji yana juyawa da sauri, amma shi kaɗai ba zai iya tayar da mota mai lodi daga tsaye ba. Giyabos ne ke rage saurin ya mayar da shi ƙarfi. A giyabos ɗin Hilux masu giya biyar, in aka sa lamba ɗaya inji kan juya kusan sau 4 kafin farfela ta juya sau 1. A lamba huɗu tare suke juyawa, a lamba biyar kuwa farfela ta ɗan fi injin sauri, mai ya yi auki a doguwar hanya. Wannan shi ne darasin reshiyo da muke yi a ajin lissafi, sai dai a nan da ƙarfe aka rubuta shi.

Bakanike nagari ba ya gaggawar sauke giyabos. In inji na ƙara amma mota ba ta ja, sau da yawa faifan kuloci ne ya cinye. In kuwa giya na fita da kanta ana cikin tafiya, ko ana jin kuka a wata lamba guda, ko aka ga ɓarɓashin ƙarfe a cikin man giya, to matsalar a ciki take.

Sai batun gane iri. Toyota ta sa giyabos kala-kala a Hilux, irin su G52, G58, W56 da R150F, kuma a ido wasunsu sun yi kama. Akwai ɗan faranti a jikin motar da ke ɗauke da lambar inji da ta giyabos. Amma motar da ta shekara 30 tana aiki, mai yiwuwa an taɓa canja mata inji ko giyabos, farantin kuwa yana nan da tsohon bayani. Don haka sai an duba abin da ke ƙarƙashin motar da ido.

Abu huɗu ake gwadawa. Na farko, bakin da ke haɗuwa da inji: ramukan ƙusoshinsa sun bambanta tsakanin injin fetur kamar 22R da injin dizal kamar 3L. Na biyu, sandar da ke shiga faifan kuloci: a ƙirga haƙoranta, a auna tsayinta da kaurinta. Na uku, tsayin giyabos ɗin da inda sandar giya ke fitowa, domin in ya fi tsohon tsayi farfela ba za ta zauna ba. Na huɗu, ko motar mai ja da ƙafa biyu ce ko huɗu, don mai ƙafa huɗu tana da ƙarin akwati a baya da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba.

Shi ya sa masu wayo kan ɗauki tsohon giyabos ɗin su tafi da shi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, su ajiye shi gefen wanda za su saya. A nan za a sa giya, a yi alama da alli a sandar gaba da ta baya, a juya da hannu ana ƙirgawa. Haka ake bin kowace lamba har ribas. Wanda ya tsallake wannan yana iya sayen gangar jiki, ga kuɗi sun tafi, ga mota a kwance.

Wajen canjin, tsaro ne farko. A cire kan batir, a tokare tayoyi, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulo yana iya farfashewa. Daga nan a tsiyaye man giya, a cire sandar giya, a yi wa farfela alama kafin a kwance ta don ta koma yadda take. Sai wayar fitilar ribas, wayar sifidomita, kik da ƙaramin famfon kuloci. A tallafe inji da giyabos, a kwance ƙarfen da ke riƙe da shi, sannan a ja shi baya a miƙe. Na mai ƙafa huɗu ya fi buhun siminti nauyi, ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Tunda an riga an buɗe, a duba faifan kuloci da boris ɗinsa da robar da ke tare baƙin mai a bayan inji, don kada a sake wannan wahala bayan wata biyu. Wajen mayarwa, dole faifan ya zauna a tsakiya daidai. In giyabos ya ƙi shiga, a sake saita shi. Jawo shi da ƙarfin noti yana fasa baki. A zuba man giya irin wanda kamfanin ya tanada har ya kai ramin zubawa, sannan a gwada motar ba lodi.

Ga masu sha'awa a cikinmu, hukumar NABTEB na ba ɗaliban kwalejojin fasaha takardar shaida a sana'ar gyaran mota. A hutu mai zuwa, da izinin iyaye, mu leƙa garejin unguwa da alli a aljihu, mu roƙi oga ya bar mu mu ƙirga juyin sandar wani tsohon giyabos.