RAGE KUƊIN KIWON LAFIYA A AMURKA DA ABIN DA JAMA'A SUKA YI A KAI

Jama'a, kowa ya san asibiti ba ya tafiya sai da kuɗi. Allurar rigakafin da a ke yi wa jariri, da ƙwayar da a ke ba mai zazzaɓi, da albashin likita da na ungozoma, duk akwai taskar da su ke fitowa daga ciki. Muddin taskar nan tana buɗe ba mai tunawa da ita, sai ran da aka rufe ta. To, cikin shekarar 2025 Gwamnatin Amurka ta rage kuɗin da ta ke kashewa wajen binciken cututtuka a gida, da wanda ta ke bayarwa don taimakon kiwon lafiya a ƙasashen waje. Da ya ke abin ya taɓa asibitocinmu na nan Nijeriya, shi ya sa aka rubuta wannan ɗan littafi, don a bayyana muku abin da ya faru, da abin da mutanen can suka yi a kai, da kuma abin da ya rage a gare mu.

TASKOKI BIYU

Taska ta farko ita ce hukumar binciken lafiya da a ke kira NIH, wadda babban ofishinta ya ke a garin Bethesda kusa da Washinton. Ba wata hukumar Gwamnati a duniya da ta kai ta kashe kuɗi wajen binciken magani, gama abin da a ke ba ta a shekara ya kai wajen dala biliyan 47, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin nan rarraba shi ta ke yi ga jami'o'i da asibitoci. Wasu masana sun bi sawun sababbin magunguna 210 da aka yarda a sayar a Amurka daga 2010 zuwa 2016, suka tarar ba ko ɗaya wanda ba kuɗin hukumar nan cikin binciken da ya haife shi.

Taska ta biyu ita ce ta taimakon ƙasashen waje. Shugaba Kennedy ya kafa hukumar USAID cikin 1961, Shugaba George W. Bush kuma ya kafa shirin yaƙi da ƙanjamau mai suna PEPFAR cikin 2003. An ƙiyasta shirin nan ya ceci rayuka wajen miliyan 25, mutum fiye da miliyan 20 kuma ta hannunsa su ke samun maganin rage kaifin cutar. Da yawa daga gidajen sauron da aka raba a ƙauyukanmu, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da abincin yara masu tamowa, daga wannan taska aka saye su.

ABIN DA AKA RAGE

Ran 20 ga Janairu 2025, ranar da Shugaba Donald Trump ya koma kan mulki, ya sa hannu a kan umurnin dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90 don a sake duba shi. Bayan 'yan kwanaki aka yi sassauci ga ayyukan ceton rai, amma kafin nan an riga an rufe ɗakunan magani da yawa, an sallami ma'aikata. Cikin watan Maris Sakataren Harkokin Waje, Marco Rubio, ya ba da sanarwa an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan USAID. Ran 1 ga Yuli aka rufe hukumar, aka mai da ragowar aikinta ƙarƙashin ma'aikatarsa.

A gida kuwa, ran 7 ga Fabrairu hukumar NIH ta ce za ta rage kuɗin ɗawainiya. Ga ma'anarsa. In an ba malamin jami'a dala 100 don bincike, a kan ɗora wa jami'ar wani abu a kai saboda lantarki da ruwa da gyaran ɗakin gwaji da na'urar sanyaya jini da albashin masu kula da su. A matsakaici dala 27 ko 28 ne, wasu manyan jami'o'i kuwa su kan karɓi fiye da 50. Sai aka ce daga yanzu kowa 15 zai samu. Ban da wannan an soke ɗaruruwan ayyukan bincike da aka riga aka fara. Sa'an nan cikin watan Mayu fadar Shugaba ta nemi Majalisa ta yanke wajen kashi 40 cikin ɗari na kuɗin hukumar a kasafin shekarar da ke biye.

Gwamnatin ta ba da dalilanta. Ta ce bashi ya yi wa ƙasar yawa, akwai ɓarna cikin yadda a ke kashe kuɗin, rage kuɗin ɗawainiya kaɗai zai tsimi dala biliyan 4 a shekara, kuma ya kamata kowace ƙasa ta ɗauki nauyin lafiyar mutanenta. Labudda kowace Gwamnati tana da ikon duba yadda a ke kashe harajin talakawanta. Abin da likitoci suka yi kuka da shi shi ne yanke abin farat ɗaya, ba tare da an ba kowa lokacin shiri ba.

DON ME YANKEWA FARAT ƊAYA TA KE DA HAƊARI?

In kuɗin gina hanya ya ƙare, a kan tsaya inda aka kai, baɗi a ci gaba. Cuta ba ta jira haka. Mai ƙanjamau in ya daina shan maganinsa, cikin 'yan makonni ƙwayar cutar ta kan sake yawaita a jininsa, mai shansa da tsallake kuwa ya kan sa ta yi taurin kai har maganin ya daina cin ta. Haka mai tarin fuka, wanda tilas ya sha magani wata shida ba fashi. Bincike ma haka ya ke. In an ɗauki majiyyata dubu ana gwada sabon magani na shekara biyar, aka tsaya a shekara ta uku, to, an yi asarar kuɗin shekara ukun, ba a sami amsa ba, su majiyyatan kuma an bar su a tsakiyar kogi.

Tarihi ya riga ya nuna wannan tun da daɗewa. A tsibirin Silon, wanda yanzu a ke kira Sri Lanka, an yi ta feshin maganin sauro har cikin 1963 mutum 17 kaɗai aka samu da zazzaɓin cizon sauro duk ƙasar. Ganin haka sai aka saki jiki, aka daina feshi. Cikin 1969 waɗanda suka kamu sun wuce rabin miliyan. Saboda irin wannan ne wasu masana suka yi lissafi a mujallar likitoci mai suna The Lancet cikin 2025, suka ce in ragin taimakon Amurka ya ɗore, ana iya samun ƙarin mutuwar mutum fiye da miliyan 14 kafin ƙarshen 2030, miliyan 4 da rabi daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan ƙiyasi ne na abin da zai iya faruwa in ba a toshe giɓin ba.

ABIN DA JAMA'AR AMURKA SUKA YI

Mutanen can ba su naɗe hannu ba, ba su kuma ta da fitina ba. Hanyoyi uku suka bi, duk cikin doka.

Ta farko kotu. Jihohi 22 suka haɗu suka kai ƙara a birnin Boston game da kuɗin ɗawainiya. Ran 10 ga Fabrairu, watau kwana uku bayan sanarwar, mai shari'a Angel Kelley ta dakatar da ragin, cikin Afrilu kuma ta tabbatar da hanin.

Ta biyu taro da takarda. Ran 7 ga Maris malaman kimiyya da ɗalibai da majiyyata suka yi taron lumana a Washinton da wasu birane fiye da 30. Cikin Yuni ma'aikatan NIH fiye da 300 suka sa hannu a wata takarda zuwa ga shugaban hukumarsu, Jay Bhattacharya, suka zayyana masa irin ɓarnar da soke ayyukan ta jawo.

Ta uku wakilai. A tsarin mulkin Amurka Majalisa ce ke da ikon kasafta kuɗi, don haka likitoci da malaman coci da iyalan marasa lafiya suka yi ta rubuta wa wakilansu suna kai musu ziyara. Cikin Yuli, sa'ad da aka kawo dokar janye fiye da dala biliyan 9 da aka riga aka kasafta, wasu 'yan Majalisar Dattawa na jam'iyyar Shugaba kansa, cikinsu har da Susan Collins, suka ƙi yarda a taɓa dala miliyan 400 na PEPFAR, dole aka fitar da su daga lissafi. A ƙarshen watan nan kuma kwamitin kasafi na Majalisar Dattawa ya ƙi yanke kashi 40 ɗin nan na NIH, har ma ya ƙara mata dala miliyan 400, mutum 26 suka yarda, 3 suka ƙi.

Amma fa kada a zaci an ci nasara duka. Hukumar USAID ba ta dawo ba. Cikin Agusta 2025 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta bar Gwamnati ta ci gaba da soke ayyukan bincike na dala miliyan 783. Sai dai abin da aka ceto, an cece shi ne don akwai waɗanda suka san lissafin kuɗin, suka san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, suka kuma je kafin a gama magana.

INA RUWANMU?

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Nijeriya tana da masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau kusan miliyan 2, kuma yawancin maganinsu da kuɗin waje aka yi shekaru ana saye. Cikin Fabrairu 2025 Majalisar Ministoci ta Tarayya ta yarda a kashe naira biliyan 4.8 don sayen wannan magani, Majalisar Dokoki kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓi. Duk da haka cikin Yuli hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi cewa rashin kuɗi zai sa a rufe ɗakunan kula da yara masu tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe.

Akwai alkawarin da mu kanmu muka ɗauka. Cikin Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta don kiwon lafiya. A kasafin Tarayya na 2025 abin da lafiya ta samu bai wuce wajen kashi 5 ba. Akwai kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don ƙananan asibitoci. Shekara huɗu dokar tana kwance a takarda, sai da ƙungiyoyin likitoci da na jama'a suka dage kafin aka sa kuɗin a kasafin 2018. Watau mu ma mun taɓa ganin amfanin magana a kan kari.

ABIN DA YA KAMATA KOWA YA YI

1. Mai shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka kada ya daina saboda jita-jita. Ya je asibitinsa ranar da aka sa masa. In ba a samu a nan ba, ya tambayi inda zai samu.

2. Maganin da aka rubuta kyauta ne, da gidan sauro, da abincin tamowa, ba na sayarwa ba ne. Wanda ya gan su a kasuwa ya sanar da shugaban asibiti ko hakimi.

3. Kowace gunduma ta raya kwamitin asibitinta. A riƙa rubuta ranar da magani ya ƙare, da sunan maganin, da yawan waɗanda aka mayar gida hannu wofi. Kuka da lissafi ya fi kuka da baki shiga kunnen hukuma.

4. Lokacin da ya dace a yi wa wakili magana shi ne sa'ad da kasafi ya ke gaban Majalisa, tun ba a sa masa hannu ba. A rubuta masa cikin ladabi, a tambaye shi nawa aka ware wa lafiya, nawa kuma aka fitar daga na bara. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon yin irin wannan tambaya ga hukuma a rubuce.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure da kasuwa da wurin suna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.