Ƙarar da Ta Ƙi Tafiya

A shekarar 1964, a garin Holmdel na jihar New Jersey a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson sun rasa yadda za su yi da wata ƙara. Suna aiki ne da wata katuwar eriya mai siffar ƙaho, don sauraron saƙonnin rediyo daga sararin samaniya. Duk inda suka juya bakinta sai su ji wani siririn shuuu, irin na rediyon da bai kama tasha ba.

Da farko suka zargi birnin New York. Suka saita eriyar can, ba daga nan take ba. Suka jira yanayi ya juya, amma dare da rana, sanyi da zafi, ƙarar ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Da suka leƙa cikin ƙahon sai ga tattabaru biyu sun yi sheƙa, kashinsu ya shafe ciki fari fat. Aka kawar da tsuntsayen, aka kankare kashin tas. Ƙarar tana nan daram.

Ashe amsar tana maƙwabta, a Jami'ar Princeton. Can akwai wani matashi ɗan Kanada, Jim Peebles, wanda ya zo a 1958 ya yi digirin digirgir a hannun Robert Dicke. Lissafinsa ya nuna cewa in har sammai sun faro ne a matse cikin tsananin zafi kafin su yi ta buɗewa, to hasken wancan zafin bai ɓace ba. Hucewa ya yi, ya cika ko'ina daidai wa daida. Ralph Alpher da Robert Herman sun faɗi haka tun 1948, sai dai an manta da su, kuma wannan mantuwar ba adalci ba ce.

Wani masani, Bernard Burke, shi ya ba Penzias labarin aikin Peebles. Penzias ya buga wa Dicke waya, zare ya haɗu. Abin da ke damun eriyar haske ne da ya taso tun sammai suna da shekara kusan 380,000, ya huce har ya koma ƙasa da digiri 3 bisa ƙurewar sanyi. A 1965 ɓangarorin biyu, na Holmdel da na Princeton, suka wallafa takardunsu gefe da gefe.

Penzias da Wilson sun karɓi kyautar Nobel a 1978. Peebles bai bar Princeton ba, ya ci gaba da bin yadda tarin taurari suka ginu daga wancan farko, tun lokacin da masu ɗaukar fannin da muhimmanci ba su da yawa. Tasa kyautar ta zo a 2019, yana da shekara 84.