Wasu Shawarwari ga Mai Rubuta Ƙagaggen Labari a Ƙasar Sakkwato

Manufar wannan takarda ita ce mu tattauna kaɗan daga cikin matsalolin da ke tare wa mai son rubuta dogon ƙagaggen labari hanya, musamman ɗalibanmu da malaman makarantu na yankin Boɗinga da Shagari, waɗanda da yawansu sukan soma littafi da zafi, su kai babi na uku ko na huɗu, sa'an nan su jefa shi ƙarƙashin akwati.

Ya kamata mu fara da waiwayen tarihi. A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai 5 na farko, watau Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubutansu sun fito ne daga Katsina da Bauchi da Kano da Zariya, babu ko ɗaya daga Sakkwato. Wannan kuwa ba don ƙarancin masu alƙalami ba ne, domin a Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa yana wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Sai dai abin da muka gada shi ne rubutacciyar waƙa da littafin ilmi. Saboda haka ɗan wannan yanki yakan zo wa ƙagaggen labari da hannun mai wa'azi, kuma a nan ne matsalar farko take.

Ba mu ce kada labari ya ƙunshi darasi ba. Abin da muke cewa shi ne, idan marubuci ya tsai da labari ya hau mumbari, mai karatu zai tsallake shafin. A dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa: muguntar cinikin bayi ta fito ne ta hanyar wahalar uwar da ta bi sawun ɗanta ta ratsa hamada, ba tare da marubucin ya yi ta nanata jigonsa ba. A bar taurari su aikata, mai karatu ya yanke hukunci.

Sa'an nan akwai batun inda za a samo labarin. Sau da yawa mukan ga ɗalibin da ya girma a Horo Birni, amma tauraronsa ɗan attajiri ne a Abuja, yana hawan jirgin sama zuwa Dubai, alhali shi marubucin ko filin jirgi bai taɓa shiga ba. Irin wannan rubutu ba ya da gishiri. Alal misali, a ce ya ɗauki saurayin ƙauyensu da ya jinginar da gonar fadamar mahaifinsa ya tafi cirani Kudu, ya bar yarinyar da aka yi musu baiko, ga kuma mai riƙe da jinginar yana nemanta. Marubucin ya san yadda ake rabon gado a garin, ya san abin da ake faɗa a bakin rijiya da abin da ake ɓoyewa, ya san farashin buhun albasa da kaka da bazara. Wannan sani shi ne jarinsa, kuma babu ɗan birnin da zai iya ƙwace masa shi.

To, amma da wace Hausa za a rubuta? Wannan tambaya tana damun marubutanmu ƙwarai, har wasu sukan ji kunyar karin harshensu. Ra'ayinmu shi ne a rubuta bayanin mai ba da labari da daidaitacciyar Hausa, domin littafin ya karantu a Kano da Maraɗi, amma a bar taurari su yi magana da bakinsu. Tsohuwar Horo Birni ba za ta ce "muka zo" ba, "munka zo" za ta ce. Za ta ce "shina tahiya" da "hwari" da "ɗiyata". Idan aka sa mata Kananci a baki, an kashe ta tun kafin ta yi motsi. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Kada a cika Sakkwatancin har baƙo ya kasa bi, 'yan alamomi kaɗan da ake maimaitawa sun isa. Kuma kada a mai da mai wannan kari abin dariya kurum, kamar yadda wasu finafinai suka saba, inda ba a jin Basakkwace sai in ana son a yi raha.

Dangane da tsayawa a tsakiya kuwa, abin da muka lura shi ne yawanci marubucin bai san ƙarshen labarinsa ba lokacin da ya soma. Kafin a rubuta babi na ɗaya, a zauna a tsara a takarda guda abin da tauraro yake nema, da wanda zai hana shi, da yadda za a ƙare. Ruwan Bagaja cike yake da ratse da barkwancin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, amma neman ruwan nan shi ne igiyar da ta ɗaure su duka. Bayan haka sai naci. Malamin da zai rubuta shafi 1 kowace rana bayan sallar asuba, cikin wata 4 yana da shafi 120. Kada ya koma gyaran babin farko sai ya kai ƙarshe, domin mai gyara tun bai gama ba ba ya gamawa. In ya gama, ya ajiye shi mako biyu ko uku, sa'an nan ya karanta wa wani da babbar murya. Duk inda harshensa ya sarƙe, ko mai sauraro ya soma hamma, to wurin yana bukatar aski.

Game da fitar da littafi, gasa ta sha buɗe wa sababbin marubuta ƙofa. Ta hanyar gasar kamfanin NNPC ne aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, gasar Gwamnatin Tarayya kuma ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun nuna cewa mutum yana iya buga abinsa da kansa ya kai kasuwa. Muna ganin sassan Hausa na kwalejojinmu za su iya soma ƙaramar gasa ta shekara-shekara, da sharaɗin cewa labarin ya faru a garin da marubucin ya sani, kuma a karɓi kammalallen littafi kaɗai.